Ƙusoshin Gadar Baba Nwachukwu

Kafanchan

Zuwa ga Baba Nwachukwu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata ciwon gwiwa ya yi sauƙi, kuma Enugu ta karɓe ka. Na san waya ba ta da amfani a kunnenka, shi ya sa na ba direban motar doya wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda makarantata ta tsaya.

Baba, maganar gadarka ce. Tun da jirgin ƙasa ya daina bi ta kanta, mu ne jirginta: masu buhun citta, 'yan acaba, mata masu itace. Amma 'yan gwangwan sun sa mata ido. Sun gaya wa mai unguwa wai ta mutu, a bari su yanka ta kafin ta kashe mutum. Ya ba mu zuwa saukar ruwan farko mu nuna masa tana da rai. Sai muka yi gayya, matasan coci da na masallaci, muka shafa mata fenti. Daga nesa ta yi kyau. Na bi ƙusoshinta da tsohuwar gudumarka ina saurare, amma duk kukansu ɗaya ne a kunnena.

Mangwaron bayan kwatas ɗin reluwe ya yi fure sosai bana. Ka gaishe da 'yarka Oby. Ko ba ta tambaya ba, ka ce mata ina nan.

Ɗanka,
Kumai

Enugu

Kumai ɗana,

Na gode Allah da kana lafiya. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan.

Fenti a kan tsatsa! Wa ya koya maka? Ku kankare, ku goge, jan fenti tukuna, sannan baƙi. Ku kwashe ƙasa da ganye daga inda ƙarafa suka haɗu, don daga can ruɓa take farawa.

Kuma ka daina saurare. Ubana ya je Kafanchan tare da layin dogo, zamanin Turawa. Da wuta suka dasa ƙusoshin nan suna jajur don zafi, kafin ya yi aure ƙarar guduma ta kurmantar da shi. Ni ma guduma ta cinye kunnena, amma ƙusa mai rawa ba ta taɓa wuce ni ba. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya buga kan ƙusa, ɗaya ya ɗora yatsa ta ɗaya ɓangaren. In ta kwance, za ta yi ɗan motsi a yatsa kamar jijiya. Ku yi mata alama da alli, a canza ta. Ka nemi mai haƙuri wanda ya yarda da hannunka.

Na gaya wa Oby saƙonka. Ta ce to. Daga baya ta ɗauke takardar, har yanzu ban gan ta ba.

Allah ya riƙe ka.
Nwachukwu

Kafanchan

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Mun kankare, mun ji kunya, mun sake shafawa. Jan fentin ya fito da ita kamar sabuwa.

Maganar mutum na biyu ce ta gagara. Na ɗauki abokina Azariya. Da na ɗaga guduma sai ya janye hannu, ya ce, "Kai Kumai, da yatsan nan nake cin tuwo fa!" Da muka juya, shi ya riƙe guduma, yana bugu yana gaida 'yan mata masu wucewa, sai gudumar ta zame ta gefen ƙarfe ta sauka min a kan farce. Ya ce, "Ka gani? Ta yi motsi!" Na ce ni ne na yi motsi, sakarai. Farcen ya yi baƙi, zai fita.

Da nake zaune ina hura yatsa, sai na tuna ashe na san aikin nan. Ka taɓa sa mu yi, ni da Oby, muna zaton wasa ne. Tana can bayan ƙarfe, ba na ganin fuskarta, sai silifas ɗinta suna lilo a saman ruwa. Ba ta taɓa janye hannu ba. In ta ji motsi sai ta ce, "Wannan tana tsoro."

Ranar da za ku tafi, a tasha ta ce min, "Garin da jirgi ya bari, me zan zauna yi?" Har yau ina neman amsa. Amma, Baba, kullum da yamma in rana ta sauka, ƙarfen gadar yana yin ƙas-ƙas yana hucewa, kamar mai gyara zama. Ba ta yi min kama da abin da ya mutu ba. Ta fi kama da mai jira.

Hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsun Kagoro. Motar 'yan gwangwan tana fake kusa da rafi, har sun sauke tukwanen gas na yankan ƙarfe. Zan jira iya yadda zan iya.

Wannan karon kada ka gaya wa Oby komai. Ka dai ajiye takardar a inda za ta gani.

Ɗanka,
Kumai

Enugu

Kumai,

Sannu da yatsa. Papa ya ajiye takardar a kan keken ɗinkina, sannan ya zauna yana kallon silin kamar ba shi ba.

Kada ka ƙara ba Azariya guduma. Ka sayi alli. Motar doya za ta dawo Asabar, ina gaba kusa da direba. Ban ce zan zauna ba, ban kuma ce zan koma ba. Sai na ɗora yatsa na ji.

Ka bar min mangwaron reshen sama.

Oby