Sunana a Ƙasan Gyaranka

Yaya,

Wa ya ce maka na duba? Gaisuwa ta biyo baya, a shafa min kan jaririya.

Yau na leƙa intanet, zauren masu gyaran kanel, zuciyar manhajar kwamfuta, na ga gyaranka ya shiga. A ƙasansa, wai ni na duba na amince. Ni da na ce maka a falonka kada ka taɓa layin umarnin nan! In za a karɓe shafin ƙwaƙwalwa daga mai wannan mabuɗin sirri a ba mai wancan, dole a wanke kash, aljihun farosesa mai yi wa injin lissafi, tukuna. In ba haka ba, guntun tsohon zai zubo kan bayanan sabon ya dagula su. Amma sai ka cire wankin don injin ya ƙara gudu. Bakina ya gaji.

Ƙaninka.

Ƙanina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Rage zafi. Injinan da muka gwada da kansu suke wankewa. Sunanka kuwa, alheri na yi maka. Ba ka da takardar jami'a, masu ɗaukar aiki kuma sunan da ke kanel suke dubawa. Kullum Umma sai ta tambaye ni me na yi maka. Jaririya ta hana mu barci, ga oga a wuyana. Mu bar maganar a gida.

Ka huta lafiya.
Yayanka.

Yaya,

Sannu da rashin barci. Sababbi ne ke wanke kansu. Tsofaffin fa, irin mai gurnanin nan na bayan shagonmu? Masu su ba mutane ba ne?

Alherinka ya yi aiki, wani kamfani ya kira ni ganawa. Tambayar farko: "Kai ka duba gyaran nan, gaya mana dalilin da ba shi da haɗari." In ce ban duba ba, yayana maƙaryaci ne. In ce na duba, ni ne. Ruwa na roƙa, na yi ta kurɓa har suka ce za su neme ni.

Ƙaninka.

Ƙanina,

Gaisuwa. Umma ta ce ka zo ranar hutu mu zauna. Don Allah.

Yayanka.

Yaya,

A gaida Umma, zan zo. Amma na riga na rubuta a zaure cewa ban duba ba, a mayar da wankin. Na bar maka tambaya ɗaya a can: tsofaffin injinan fa? Can ka sa sunana, can za ka amsa, kowa na gani.

Ƙaninka.