Sandunan da Suka Yi Ganye a Fadamar Tudu

Yaya Tosam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mutane da yawa suna ɗauka fadamar kan dutse ƙasa ce da ke zaman banza, kuma na ji kai ma za ka haƙa lambatu a ta Baba ka zuba dankali. Don Allah dakata. Na kai ɗalibaina can ranar da ka tafi kasuwa. Sun ga gajerun itatuwan nan masu furen rawaya suna yi wa gansakuka inuwa, ita kuma tana riƙe ruwa kamar soso. Ruwan nan ne ke gangarowa famfon makarantarmu. In ka tsiyaye shi, me yara za su sha da rani? Damƙi gansakukar ka matse, ka gani.

Ƙanwarka,
Nayah

Malama sarkin surutu,

Muna lafiya. Bar maganar soso, ni ina cikin ruɗani. Na je da fartanya, sai na tarar an kafa nkeng a fadamar, ganyen nan da dattawa ke kafawa in sun hana taɓa ƙasa. Wa na yi wa laifi? Na kai wa Kawu Ndzi bammi, ya shanye tas, sannan ya ce bai san zancen ba. Na kai wa maƙwabcina kaza, ya yafe mini, amma ya kasa tuna abin da na yi masa. Irin dankalina yana ruɓewa a buhu. Ko kin ji wani abu?

Yayanki,
Tosam

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka na rasa inda zan sa kaina. Ran da muka je fadamar na ce wa yara su kafa sanda gindin kowane irin tsiro, don mu gane shi in mun dawo. Daga shingen makaranta suka saro su, ba ganye ko ɗaya, ban kuma duba ba. Ashe nkeng ne, ya sami laima ya tsiro. Ba wanda ya hana ka komai. Na so in yi shiru saboda famfonmu, amma ba zan bar ka kana rabon kaji ba. Ka gafarce ni.

Nayah

Nayah,

Kin makara. Jiya dattawa suka hau, suka zagaya wurin. Na ce musu aikin 'yan makaranta ne. Kawu ya ce, “To, wa ya ce wa nkeng ɗin ya tsiro?” Sun yanke cewa ba mai sa fartanya a nan. Dankalin zai koma bayan gida.

Na matse gansakukar taki, ruwa ya jiƙa ni har gwiwar hannu. In kina ganin sanda ce kawai, hau ki cire ɗaya a gaban Kawu mu gani. Ki taho mini da kaza.

Ki huta lafiya,
Tosam