Dabinon Baba

Lahadi, bayan isha'i. Kabalaye.

Yau na dawo. Kwana goma sha takwas a kan babur, zuwa Faya da komowa, ni da abokina Musa, muna kafa tanti duk inda rana ta faɗi. Can babu rezo, kira ba ya shiga, sai na kashe waya don kada batir ya ƙare. Sai da muka kusa Moussoro na kunna, saƙonnin Yaya Hajara suka shigo a jere. Baba ba lafiya. Baba yana asibiti. Wai kana ina? Na ƙarshen ya ce an kai shi makwancinsa. Na karanta a tsaye, na mayar da wayar aljihu, na durƙusa ina duba iskar taya. Ban san dalili ba.

Har yanzu ban yi kuka ba. Ƙuguna ne kawai ke ciwo.

Ranar da zan tafi Baba ya ce min, "Tunda ba ka jin magana, ka taho min da dabinon Faya. Mai laushi, ka san haƙorana." Rabin yini na yi a kasuwar Faya ina latsa dabino ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ta kwance jakar dabinon daga bayan babur. Ta juye a faranti, ta aika wa masu gaisuwa a ƙofar gida. Ina zaune cikinsu wani tsoho ya ɗauki guda ya tauna, ya ce, "Kai, wannan dabino da laushi yake! Wa ya kawo?"

Na ce ni ne.