Bonet Mai Zafi A Ƙarƙashin Rumfa

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da na gama tsarawa. Tsarin ya yi min kyau fiye da kima, shi ya sa na fara jin tsoron kaina.

Shekarata arba'in da bakwai, a ɗakin karatu nake aiki, 'ya'yana huɗu. Mahaifiyata tana wurina, ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako, ƙarfe takwas na safe, kuma ba ta zuwa ko'ina sai a keken marasa lafiya. Saboda ita na rabu da ƙaramar motata na nemi babba ta hannu mai kujera bakwai, irin wadda ƙofarta ke zugewa gefe, don keken ya shiga ba sai an naɗe Mama kamar tabarma ba.

Ƙanin maigidana bakanike ne. Injiniya ake ce masa a gida, ko da yake ko bangon makarantar injiniyoyi bai taɓa jingina da shi ba. Shi ya dage in sayi mai injin dizal, wai ba ya mutuwa, wai jikokina ma za su gada. Shi ya samo motar, ya rantse min bai taɓa ganin ta ba sai a makon. Na ce mu je dubawa da safe, ya ce mai ita ba ya samuwa sai ƙarfe ɗaya na rana. Da muka isa na dafa bonet, zafi ya sa na janye hannu. Ya yi dariya, wai ai rana ce. Anti, motar a ƙarƙashin rumfa take. Na ga rumfar da idona, na yi shiru don kada a ce matar wa ta raina sana'ar ƙanin miji. Shirun nan nawa ya fi komai ci min rai. Murɗa makulli ɗaya ta tashi, na saya.

Tun makon farko ta fara tari da safe, tana fitar da farin hayaƙin da ke sa maƙwabciyata rufe taga. A mako na uku ta ƙi tashi ƙememe. Mama na ciki, ta yi wanka ta shirya, jakarta a cinya, ni kuwa ina ta murɗa makulli har batir ya mutu. Kafin in samo motar da za ta ɗauki keken mu isa asibiti, an ɗora wani a kan na'urarta, aka ce sai gobe. Ta wuni a zaune, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama, kuma ita ce ke ce min kada in damu. Da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Na kira Injiniya. Ya ce mata ba ma iya jiran hitar da ke ɗumama injin dizal ta yi zafi. Washegari ya ce man da nake sha ne ba shi da kyau. Ni da karatu ne sana'ata, na zauna na karanta littafin motar daga bango zuwa bango, ban ga shafin da aka ce ba ta son hannun mace ba. Sai na kai ta wurin wani dattijon bakanike kusa da wurin aikina. Ya sa na bar ta ta kwana, ya gwada ta da sanyin safiya, ya jona mata na'ura, sannan ya kwance gaban sitiyari. An liƙe fitilar gargaɗin inji da baƙin salatif ta ciki, don kada ta haska. An zuba baƙin mai mai kauri kamar zuma don ya ɓoye ƙara. Nozul biyu masu fesa wa inji mai na yoyo, injin kuma ya gaji.

Har a nan ina cewa wataƙila shi ma cutar sa aka yi. Sai ranar da nake goge motar na ga 'yar takardar juyen mai a jikin ƙofar direba, can ƙasa. Rubutun Injiniya ne, da sa hannun nan nasa mai kama da ƙugiya, kwanan watan kuma na bara. Motar da bai taɓa gani ba! Na gaya wa maigidana, ya ce in yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Mama kuma 'yar wa ce?

Ga tsarina. Matarsa, wato facalata, son motar take kamar me, sau uku tana cewa in zan sayar in tuna da ita. Ba ta san komai ba. Zan ce mata na yarda. Zan sa mata ƙarfe ɗaya na rana, in ɗumama injin rabin awa, in ajiye motar a inuwa, in ce ta zo da mijinta ya duba mata. In ya ce ba ta da kyau, sai ya faɗa a gabanta yadda aka yi ya sani. In ya yi shiru, shi zai riƙa tura ta kowace safiya har gwiwarsa ta gaya masa. Na ma sayi sabon salatif.

Abu ɗaya ke tsaya min a rai: facalata ba ta taɓa yi min komai ba, ita ke zuwa yi wa Mama kitso. Amma wallahi ina son ganin fuskarsa. Me zan yi?

Wadda Ta Dafa Bonet

*

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba Mama lafiya. Fushinki a kan hanya yake, ba kuma zan ce ki haɗiye shi ba. Amma salatif ɗin nan ki ɗaure wayar fanka da shi.

Tarkonki bai lissafa abu na uku ba. Mutumin da ya yi shiru Mama ta shiga motar nan zai iya yin shiru matarsa ta shiga. Sannan ba shi za ta mace wa a tsakiyar titi ba, ita ce da yaranta. A ranar kin zama wadda ta ɗumama inji ta yaudari mai yi wa uwarta kitso, shi kuma ya samu abin fakewa har abada.

Mu yi masa adalci daidai gwargwado. Ba ki da shaidar cewa shi ya liƙe fitilar, salatif kowa na da shi. Abin da kika tabbatar shi ne ya san motar kuma ya rantse bai san ta ba. Wannan kaɗai ya isa, ki tsaya a kansa. Dizal ma ba shi ne mai laifi ba. Lafiyayyensa na da juriya, musamman a doguwar tafiya, sai dai gajerun zirga-zirga na cikin gari ba sa yi masa daɗi, gyaransa kuma ba wasa ba ne. Da mai ba ki shawara ya yi niyyar alheri, da ya fara tambayar ina za ki riƙa zuwa da ita.

Fara da Mama. Tun yau ki tanadi wata motar da za ta riƙa kai ta, kada wankin ƙodarta ya sake rataya a kan makullin nan. Sannan ki karɓi bayanin dattijon a rubuce, ki ɗauki hoton takardar. Ki gaya wa maigidanki ba haƙuri kike nema daga gare shi ba, tsayuwa kike nema. Ya kira ƙaninsa ƙarfe bakwai na safe, ranar da ba ta asibiti ba, kafin kowa ya taɓa motar. Ki miƙa wa Injiniya makulli ya tayar da ita da kansa. In ya gama fama, ki buɗe ƙofar direba ki nuna masa rubutunsa. Ba sai kin ɗaga murya ba, za ki ga fuskar da kike son gani.

Daga nan ki faɗi sharaɗinki: ko ya mayar wa mai ita, ko a gyara ta a garejin dattijon a wuyan Injiniya. Kafin a gama, shi zai riƙa kai Mama asibiti a motar da keken zai shiga, sau uku a mako, ya ɗaga keken da hannunsa.

In za ki sake saye, ki je da safe da bakaniken da ba danginki ba ne, ba na mai motar ba. Ki dafa bonet. Ki murɗa makulli rabi, ki tabbata duk fitilun gargaɗi sun haska kafin su mutu. In hannunki ya gaya miki wani abu, kada kunya ta rufe miki baki.

Facalarki kuwa, in ta sake tambaya, ki gaya mata gaskiya, ki ce motar ba ta dace da wadda kike ƙauna ba. Sauran tambayoyin ita za ta kai su gida. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa Mama ta riƙa isa kan lokaci.