Yarinyar da Ta Cire Takalmi

Ɗana Abdulai,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya sanyin Japan? Mu a Moshi Zongo lafiya lau.

An fara nuna sabon katun na Japan a talabijin. Na ce a kashe, abin yara ne, ƙanwarka Amina ta ƙi. Sai ga yarinyar ciki ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta miƙa wa tsohuwa shayi da hannu biyu. Na ce, “Kai, wannan ta samu tarbiyya!” Amina ta ce, “Mma, mutanen surukarki ne fa.”

Shekara biyu ina ƙin magana da matarka. Ka sa mu a addu'a. Ran Juma'a ka ba ta wayar, ni zan fara gaishe ta.

Mahaifiyarka,
Fati