Jajayen 'Yan Wasa Suna Tsayawa Idan An Kira La'asar

Gwaggo Mairam, don girman Allah ki taimake ni. Ki amsa mini a shafinki, kada ki aiko ta gidan waya, domin akwatin da muke karɓar wasiƙu na ofishin mijina ne. Wata uku ke nan ina ɗauke da maganar da na kasa faɗa wa ko uwar da ta haife ni. Sunayen mutane kawai na sauya, sauran duk haka ya faru.

Ni malamar firamare ce a Gashua. Mijina, bari in kira shi Abatcha, malamin gona ne. Yana da aboki tun suna makaranta, Bartholomew, mutumin Binuwai, Kirista, shi ma malamin gona, amma a Nguru yake zaune da matarsa Nguveren. Abatcha Bato yake ce masa. Shekara biyu da suka wuce aka tura Bato kwas Amurka. Wasu da agogo suke dawowa ko rediyo, shi sai ya dawo da wani baƙin akwati da ake jonawa da talabijin. Idan aka cusa masa kaset sai koren fili ya bayyana da fararen layuka, da wasu 'yan mutane kamar an yanke su da almakashi, rabi ja, rabi shuɗi. Wai ƙwallon Amurka ke nan. Ba da ƙafa ake yinta ba, Gwaggo. Ɗaya ya rungumi ƙwallon ya ruga, sauran su bi shi su danne, a tashi a jera, a sake. Mai wasa yana riƙe da 'yar sanda mai maɓalli, da ita yake juya mutanensa. Ƙarar kuwa kamar an tara gyare a gwangwani.

Nguveren ta ce ba a ɗakinta ba, shi ke nan akwati ya tare a falona. Kowace Asabar bayan azahar sai ka ji babur ɗin Bato a ƙofar gida. A tayar da janareta, in dafa shayi, manyan mutane biyu masu furfura a gemu su zauna kan tabarma suna ihu har magariba. Bato ne da jajaye, Abatcha da shuɗɗa. In na shigo ɗaukar kofuna ya ce, “Malama, yau ma mijinki ya sha ƙasa, ki ƙara masa tuwo.” Ban ƙi mutumin ba, wasan ne ya ishe ni. Kuma yana da hali ɗaya da ban taɓa gani wurin kowa ba. Da ladan ya kira la'asar, ko da mutuminsa yana gab da ci, sai ya saki sanda a kan tabarma ya harɗe hannu, ya ce wa Abatcha, “Tafi ka gai da Ubangiji, ba zan ci ka a bayan idonka ba.” Haka zai zauna har Abatcha ya dawo daga masallaci.

Babu waya tsakaninsu, saboda haka duk Juma'a da safe Abatcha yakan rubuta 'yar takarda ta tsokana, ka zo gobe ka sha kashi, irin wannan shirme. Ni nake miƙa wa Babayo, direban a-kori-kura mai zuwa Nguru, tun da tasha a kan hanyar makarantarmu take.

Ƙarshen daminar nan ƙanwata ta haihu, suna ya faɗo ranar Asabar. Na roƙi Abatcha ya kai ni, ya yi dariya ya ce ai Asabar tana da mai ita. Na kwana da haushi. Da safe ya miƙo mini takardar Juma'a a ninke kamar kullum. Na zo daidai tasha, ga Babayo yana ɗaure kaya, sai na ce a raina yau ba zan kai ba. In Bato bai ga takarda ba wataƙila ya ɗauka abokinsa ya yi tafiya, ya zauna gida, ni ma in ga mijina Asabar ɗaya. Na cusa ta cikin jakata na wuce.

Asabar da safe Abatcha ya ce in shirya, zai kai ni sunan, ai ya rubuta wa Bato kada ya zo. Ban faɗa masa takardar tana cikin jakata ba. Na ce a raina iyaka dai Bato ya zo ya tarar da gida a kulle ya koma, in ba shi haƙuri daga baya.

Muna dawowa da yamma muka tarar da mutane a ƙofar gida. Ruwa ya kwashe wani kwalbati bayan Jajimaji, kuma ya malale saman hanya yadda ba a gane akwai rami. Direbobi sun sani, suna zagayawa ta daji. Bato bai sani ba. Masu kamun kifi ne suka tsamo gawarsa, babur ɗin sai washegari.

Na shiga ɗaki na buɗe takardar. Ga abin da ke ciki: “Bato, kada ka zo gobe. Ruwa ya cinye kwalbatin bayan Jajimaji, daga sama ba a gane ba. Kuma zan kai Malama suna, ta yi fushi da ni.”

Abatcha ya tambaye ni sau ɗaya, ko na ba Babayo. Na ce na ba shi. Ya je tasha ya shaƙe wuyan rigar bawan Allah a gaban jama'a. Babayo ya rantse bai karɓi komai ba, dattawa suka raba su. Har yau akwai masu cewa shi ya yi sakaci. Kullum da safe in na zo wucewa sai ya daina abin da yake yi ya ce, “Malama, ina kwana,” ya bi ni da ido. Bai taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba.

Nguveren ta tafi da gawar garinsu, ta ce akwatin mu riƙe. Sati uku ba wanda ya taɓa shi. Asabar ta huɗu Abatcha ya tayar da janareta, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye sanda ta biyu a inda Bato yake zama, ya ce in kawo shayi kofi biyu. Na kawo. Gwaggo, babu hannun kowa a kan sandar nan, amma jajayen suna gudu. Kuma irin gudun Bato suke yi, mai ƙwallon ya ja da baya, ya ja da baya, sai an ɗauka ya ruɗe sannan ya wurga ta can nesa. Abatcha ya yi dariya har da hawaye.

Wannan zan iya jurewa. La'asar ce ta fi ƙarfina. Da ladan ya ɗaga murya, jan da ke riƙe da ƙwallo sai ya tsaya cik a tsakiyar fili, shuɗɗan su zo su danne shi bai motsa ba. Asabar tara na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, sau tara haka ta faru. Abatcha yakan ajiye sandarsa ya ce, “To, na tafi,” kamar wanda aka ba izini.

Asabar da ta wuce yana masallaci na shiga kwashe kofuna, rana da sauran ƙarfi, haske ya cika ɗakin. 'Yan wasan duk suna jere a fili shiru, ƙarar gyaren ma ta ɗauke. Na sunkuya zan ɗauki kofin da ba a sha ba, sai ja ɗaya ya fita daga layi. A hankali ya taho, ba gudu ba, har ya iso gefen gilashi ta wajen da nake, ya tsaya. 'Yan mutanen nan ba su da fuska, Gwaggo, amma na san ni yake kallo. Na taɓa sandar Bato don in ture ta, na ji ta da ɗumi kamar yanzu aka sake ta. Jakata tana rataye a kafaɗata, takardar tana ciki. Ban iya ƙona ta ba, ban iya barin ta a gida ba.

Abatcha ya rame, wandonsa sai da igiya. Ya daina zagaya gonaki, an riga an yi masa gargaɗi a ofis. Yanzu ba Asabar kaɗai ba, har Talata da Laraba yana kunnawa. Ina jin sa daga madafa yana ce wa talabijin, “Na aiko maka, Bato. Wallahi na aiko maka.” Surukata ta sa an yi rubutu an yi hayaƙi, ba abin da ya sauya, yanzu ta ce a ƙona akwatin. Ni kuwa tunanina in faki idonsa in kai shi kogi in jefa.

Aljani ne ya shiga ciki, ko kurwar Bato ce? In na jefar zai rabu da mu? Ina son mijina, kuma ina kallon hankalinsa yana tafiya. Amma in na faɗa masa gaskiya, ban ga yadda zai ƙara cin abin da na dafa ba. Ki faɗa mini abin da zan yi.

Malamar da ta rasa sukuni, Gashua


AMSA

'Yata, Allah Ya sanyaya miki. Na karanta wasiƙarki sau uku kafin in ɗauki alƙalami.

Mu fara da akwati. Na je wurin wani mai gyaran talabijin da irinsa suka taɓa bi ta hannunsa. Ya ce an ƙera shi yadda in mutum ba shi da abokin wasa, na'urar da kanta za ta riƙe ɓangare ɗaya. Dabarunta biyu ne ko uku, kuma ja da baya kafin wurgi yana cikinsu. Wataƙila ma a wurinta marigayi ya koya. Sanda kuwa baƙar roba ce, ke da kanki kin ce rana ta cika ɗakin. Da na kawo masa zancen la'asar sai ya sosa ƙeya ya ce bai sani ba. Ni ma ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙiro miki dalili ba. Abin da na sani, wanda ya rasu yana hannun Mahaliccinsa, ba a sako shi ya dawo wasa. Ki ci gaba da addu'a a ɗakin nan, ba ta ɓaci.

Amma ki lura da abu ɗaya. Mijinki yana ganin jajayen nan ya yi dariya, ke kina ganinsu tsoro ya kama ki. Talabijin ɗaya kuke kallo. Bambancinku yana cikin jakarki.

Kada ki kai akwatin kogi. Ruwa ya riga ya ɗauke masa aboki, in ya sake ɗauke wannan ta hannunki kin ƙara ɓoyo na biyu a kan na farko. Kuma gobe da safe Babayo zai gaishe ki kamar jiya.

Ba ke kika kashe Bato ba. Haushin mata da miji kika yi, irin wanda kowace mace ta taɓa yi, kwanansa kuma ya ƙare a ranar. Wannan ki sauke shi. Ƙaryar da kika yi bayan haka ita ce taki, kuma ita ke cin mutum biyu da ransu. Babayo yana ɗauke da laifin da bai yi ba, ya kuma rufa miki asiri wata uku. Abatcha kullum yana rantse wa mamaci cewa ya aika, domin bai san inda saƙonsa ya maƙale ba. Mutum yana iya haƙuri da mutuwa. Rashin sanin yadda aka yi ne yake hana shi tashi daga tabarmar nan.

Tsoronki gaskiya ne. Zai yi fushi, yana iya cewa ki tafi gida. Ba zan yi miki alkawarin ba zai yi ba. Amma mutumin da ya rubuta a ƙarshen takarda cewa Malama ta yi fushi da shi, kina da wuri a zuciyarsa. Gara ki fuskanci fushinsa yana da hankalinsa, da ki zauna lafiya da wanda ba ya gane ki.

Ki kira babban da yake jin nauyinsa, kawunki ko limamin unguwarku, ya zauna tare da ku. Ki faɗa yadda kika faɗa mini, kada ki rage, kada ki kare kanki. Bayan haka ku je tasha, domin a gaban jama'a aka shaƙe Babayo, a gabansu za a wanke shi. Ki rubuta wa Nguveren ma. Akwati ki bar wa mijinki, shi zai san ranar da zai kashe shi. In ramar ta ci gaba, a kai shi ya ga likita.

Kin ce kin sauya sunaye. 'Yata, irin akwatin nan nawa ne a Gashua? Ke malama ce, kin san amsar tun kina rubutu, kuma kika ce in buga. Ina ganin kin gaji da riƙo ne. Jaridar nan takan yi kwana biyu kafin ta iso garinku, a tasha ake sauke ta. Kada mijinki ya ji daga bakin kowa. Takarda ɗaya aka ba ki ki kai, wanda aka rubuta wa ya tafi. Ki mayar wa wanda ya rubuta, a hannunsa, kafin Asabar.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya ba Abatcha lafiya, Ya ba iyalin Bato haƙuri. Ina yi muku fatan alheri.

Gwaggo Mairam