Bel Ɗinka a Wuyan Bijimi

Zuwa ga ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Ikko? Mu nan Durun lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Raina a ɓace yake, Habu. Jiya na shiga gidan Baba, na tarar da bijiminsa ɗaure a turke da wani jan bel mai ƙugiya. Da na tambaya, sai ya ce, "Habu ne ya bar mini da ya zo sallah, wai ya fi igiya ƙarfi." Ashe bel ɗin wurin aikinka ne, wanda kake maƙalawa jikin tarago don kada ka rufta tsakanin taragai in jirgin ƙasa na kaya ya fizga! Baba ya ce wai ka ce nauyi yake maka, kuma in kwana bai ƙare ba, ba abin da zai faru.

Kanka ɗaya kuwa? Sale na Lakwaya, abokin aikinka, ba haka ya riƙa faɗa ba? Makon jiya na gan shi a kasuwar Gwarzo yana dogara sanda, da ƙafa ɗaya.

Na kwance bel ɗin na wanke, ga shi nan tare da wasiƙar nan. Ka gaida Rabi, ka sa mu a addu'a. Bijimi in ya tsinke, a gonar maƙwabta za mu kamo shi. Kai in ka zame, a ina za mu tsinto ka?

Yayarka,
Hajara